Tarihin Koya Wa Manya Agaza Wa Matashi Mai Damuwa

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan yaro ya ji rauni, kowa ya san yadda zai ɗaure masa. To idan damuwa ce ta kama shi, ya daina barci, ya ƙaurace wa abokai, wa ya san abin yi?

Wannan giɓi ne Betty Kitchener ta hango. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin Kanbera na Ostireliya, ita kanta ta sha fama da ciwon damuwa. A shekarar 2000, ita da mijinta, Farfesa Anthony Jorm, suka ƙirƙiro darasin agajin farko na lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2007 aka fitar da na iyaye da malamai masu kula da matasa, domin galibi da ƙuruciya ciwon yake somawa.

Darasin ba ya mayar da kowa likita. Yana koya wa babba ya kusanci yaro, ya saurare shi ba tare da zargi ba, ya kwantar masa da hankali, sa'annan ya kai shi wurin masana.

Sau da yawa abin da muke kira taurin kai, kukan neman taimako ne. Allah Ya sa mu gane.