Daƙiƙa Nawa Na'ura Za Ta Jira?

A shekarar 2004, a kamfanin ThoughtWorks da ke Chikago, Jason Huggins ya rubuta wata manhaja mai danna maɓallan shafin intanet da kanta, domin a gano kuskure kafin jama'a su ci karo da shi. Ita ce aka raɗa wa suna Selenium. A wancan zamani yawancin shafuka kan sauko ne gaba ɗaya, da zarar sun buɗe, komai na nan.

A shekarar ce kuma Gmail ya fito, yana kawo sabon saƙo ba tare da an sake buɗe shafi ba. Dabarar ta sami sunanta, Ajax, a Fabrairun 2005, daga alƙalamin Jesse James Garrett. Tun daga nan shafi ya zama tamkar kasuwar ƙauye da hantsi, rumfuna a tsaye, kaya na bisa hanya. Manhajar gwaji kuwa ba ta san haƙuri ba. Sai ta kai hannu ga maɓallin da bai iso ba, ta yanke hukuncin cewa shafin ya lalace.

Maganin farko na ragwaye ne: a umarce ta ta dakata, a ce daƙiƙa biyar. In kayan sun iso cikin ɗaya, an yi asarar huɗu. In sun kai shida, gwaji ya faɗi ba laifin kowa. Bayan an haɗe Selenium da WebDriver na Simon Stewart a 2011, jira bisa sharaɗi ya yaɗu, wato manhaja ta riƙa leƙawa duk rabin daƙiƙa har abin ya bayyana. Playwright, da Microsoft ya fitar a 2020, shi da kansa yake jira sai maɓalli ya fito, ya daina motsi, ya yarda a danna shi.

Sai dai kowane jira yana da wa'adi, kuma mai tsara wa'adin galibi yana zaune ne inda intanet ke gudu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta kacokan, rajista da biyan kuɗin makaranta ma sun bi sahu. Ɗalibin Gwandu mai neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin kuma yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da wayar hannu yake cike takardunsa. In shaidar biya ta yi nawa, yakan sake dannawa, wani lokaci kuɗi su fita sau biyu. Chrome na da hanyar rage gudun intanet da gangan zuwa na 3G yayin gwaji, amma sai mai gwajin ya tuna ya kunna ta.