Tarihin Cututtuka Biyu Masu Kama Gaɓoɓin Yara

Galibin mutane suna tsammani sanyin ƙashi cutar tsofaffi ce. Alhali kuwa akwai yaran da ke kwana da kumburin gwiwa da na yatsu, gari ya waye su kasa miƙe ƙafa. Cututtuka biyu ne suka shahara wajen yi wa yara wannan ɓarna. Ɗaya ita ce amosanin gaɓoɓi na yara, ɗayar kuwa likitoci na kiranta lufus. Suna kama da juna ƙwarai, har wani lokaci su haɗu a jikin yaro guda. Ga labarin yadda aka gane su, da yadda aka sha wuya kafin a rarrabe su.

Bari mu fara da lufus, don sunanta ya fi daɗewa. Kalmar Latin ce, ma'anarta kyarkeci. Likitocin Turai na zamanin da suka sa wa waɗansu gyambunan fuska wannan suna, domin suna cin fata kamar cizon dabba. Cikin 1845 wani likitan birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, mai suna Hebra, ya siffanta jan ƙurjin da ke shimfiɗuwa bisa kumatu biyu da karan hanci, ya ce fasalinsa kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikai. Har sa'an nan ana ɗaukarta cutar fata ce kurum. Sai cikin 1872 surukinsa, Kaposi, ya nuna tana shiga ciki, ta kawo zazzaɓi da rama da ciwon gaɓoɓi, har ta yi kisa. Daga 1895 kuma Likita William Osler, a Amurka, ya bayyana yadda irin wannan cuta ke taɓa ƙoda da sauran kayan ciki.

Ita kuwa ta biyun, wani saurayin likita ne a Ingila, George Frederic Still, ya fito da ita fili. Yana aiki a asibitin yara na Great Ormond Street cikin Landan, ya bi labarin yara 22 masu kumburin gaɓoɓi, aka buga abin da ya gani cikin 1897. Ya lura waɗansunsu, ban da ciwon gaɓoɓi, suna da zazzaɓi mai tashi yana sauka, da kaluluwa, da kumburin saifa. Ya ce lalle wannan dabam ta ke da sanyin ƙashin manya. Har yau ana kiran wannan iri da sunansa. Cikin 1947 aka buɗe wani sashe na yaran nan a asibitin Taplow, inda Likita Eric Bywaters, da Likita Barbara Ansell wadda ta zo daga baya, suka shekara da shekaru suna duba su, suna rubuta yadda kowane ya ƙare. Da haka aka gane cutar iri-iri ce. Cikin 1997 likitoci suka taru a Durban, a Afirka ta Kudu, suka daidaita bisa ƙa'ida guda: kumburin gaɓa da ya fara kafin yaro ya cika shekara 16, ya kai mako 6 bai tafi ba, ba a kuwa sami wani dalilinsa ba.

To, me ya sa cututtukan nan biyu suka yi kama? Asalinsu ɗaya ne. Allah Ya sa wa jikin ɗan Adam dakaru cikin jini, aikinsu su yaƙi ƙwayoyin cuta. A cututtukan nan sai dakarun su ruɗe, su juya kan jikin da su ke tsaro, kamar 'yan doka su bar ɓarawo su kama maigida. A amosanin gaɓoɓi, yawancin faɗan a cikin gaɓa ya ke, wani lokaci har da ido. A lufus kuwa babu inda ya tsira, fata da jini da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsu daga wani, ba kuwa sammu ba ne.

Shekarar 1948 abin tunawa ce cikin wannan tarihi, gama abu biyu suka auku a asibiti guda, watau asibitin Mayo na Amurka. Na farko, Likita Hargraves ya ga wata irin ƙwayar jini a madubin likita, wadda a ke samu ga masu lufus. Wannan ne gwaji na fari da ya taimaka a shaida cutar. Na biyu, Likita Philip Hench ya gwada maganin kotizon ga wata mata da amosanin gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta tashi ta yi tafiya. Aka ba shi lambar Nobel cikin 1950, shi da waɗansu masana biyu. Amma ba a daɗe ba aka ga kotizon na da nasa sharri. In ya yi yawa, ko ya daɗe, yakan tsauye girman yaro, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi.

Wani maganin kuma daga wajen zazzaɓin cizon sauro ya fito. Tun 1894 wani likitan Landan mai suna Payne ya gwada kwinin ga masu ƙurjin lufus. Daga dangin kulorokwin aka fitar da wani cikin 1955, haidiroksikulorokwin, wanda har yanzu shi ne ginshiƙin maganin lufus. Cikin 1992 kuma likitocin Amurka da na Tarayyar Sobiyat suka buga sakamakon gwajin da suka yi tare, wanda ya tabbatar metotireset, sau ɗaya a mako, yana kwantar da gaɓoɓin yara.

Sauran magana ita ce haɗuwar biyun. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, likitoci kuwa sun daɗe bisa wannan ra'ayi, cewa ko wannan ce ko waccan. Suna da abin rarrabewa. Amosanin gaɓoɓi yakan ci bakin ƙashi, a gani a hoton ƙashi. Lufus kuwa, ko ta karkatar da yatsu, ba ta cika cin ƙashin ba. Sai ga marasa lafiya waɗanda ƙashinsu ya ciwu, jininsu kuma ya nuna lufus sarai. Cikin 1971 Likita Peter Schur ya haɗa sunayen biyu ya kira abin rufus. Cikin 1980 kuma likitocin Jami'ar Michigan suka ba da labarin waɗansu yara da aka fara yi wa maganin amosanin gaɓoɓi, daga baya lufus ta bayyana gare su. Abin ba shi da yawa, ya fi aukuwa ga 'yan mata, sau da yawa kuwa ciwon gaɓoɓi ke riga zuwa, lufus ta biyo baya, wani lokaci bayan shekaru.

Amfanin sanin wannan babba ne. Lufus takan ci ƙoda a ɓoye, yaro bai ji zafi ba, sai gwajin fitsari da na jini su tona ta. Har ila yau akwai sababbin allurai na amosanin gaɓoɓi, irin etanasef da aka yarda a yi wa yara a Amurka cikin 1999, waɗanda kan ta da alamun lufus ga waɗansu. Saboda haka likita ba ya sakin jiki da sunan da ya fara ba cutar, sai ya riƙa sake gwaji.

A nan ƙasarmu an taɓa ɗauka cututtukan nan ba su dame mu ba. Cikin 1968 Likita Greenwood ya rubuta daga Ibadan cewa da wuya a ke ganinsu a asibitin can. Daga baya likitocin Ikko da na waɗansu garuruwa suka nuna akwai su, sai dai akan ɗauke su a kan zazzaɓin sauro, ko amosanin jini, ko tarin fuka.

Cikin 1955 wani lissafi na asibitin Johns Hopkins ya nuna kimanin rabin masu lufus ne ke kai shekara 4 bayan an gane cutar. Yau kuwa, inda akwai magani, fiye da 9 cikin 10 suna wuce shekara 10. Bambancin yana wajen gane ta da wuri da riƙon magani. Don haka, mai karatu, in ka ga gaɓar yaro ta kumbura mako da mako, balle in ga zazzaɓi, ko ƙurji a kumatu, ko zubar gashi, ko kumburin fuska da ƙafa, kada a tsaya ga shafe-shafe da tsaga. A kai shi asibiti, a nemi a gwada jininsa da fitsarinsa, in an ba da ranar komowa kuwa a koma. Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.