Barin Albashi domin Sana'ar Zane: Misalin Bruce Onobrakpeya

A ƙasarmu ta Arewa, daga Yelwan Yawuri har Borno, mutumin da ya bar aikin albashi ya koma sana'ar hannu akan ce ya saki reshe ya kama ganye. Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne tarihin wani mai zane wanda ya yi haka, bai kuwa faɗi ba, da dalilin da ya sa.

An haifi Bruce Onobrakpeya a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo, cikin 1932. Ya fara da aikin malanta a Binin, sa'an nan cikin 1957 ya zo Zariya, Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. A can ne, cikin 1958, shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu kuwa ita ce su karɓi dabarun Turawa, amma su ɗauko abin zanawa daga al'adun ƙasarsu.

Masu nazarin Hausa suna da rabo cikin aikinsa na farko. Shi ne ya zana hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito cikin 1962. Masana sun daɗe da nuna cewa labarin nan ya bi sawun Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya cikin shekarun 1930. Watau labarin Hausa ne ya shiga Turanci, ɗalibin Zariya kuma ya yi masa hotuna.

To, amma zanen littafi ba ya ɗaukar nauyin gida. Mai buga littafi shi ke ba da aiki, shi ke yanke lada, hoton kuma ya tafi ke nan. Saboda haka daga 1963 Onobrakpeya ya kama koyarwa a Kwalejin St Gregory ta Ikko, ya zauna nan har 1980.

Cikin waɗannan shekaru 17 ya duƙufa ga bugun hoto. Yadda ake yi shi ne, a sassaƙa zane a kan katako, ko a sa ruwan asid ya ci faifan ƙarfe, sa'an nan a shafa tawada, a danne takarda a kai, kamar dai hatimi. Ya ƙara sanin wannan aiki wajen wani Bature na Holan, Ru van Rossem, a tarurrukan koyo da Ulli Beier ya shirya a ƙasar Yarabawa. Cikin 1967 asid ya ɓata masa wani faifai, ya cike ramukan da manne mai daskarewa, da ya buga sai hoton ya fito da tudu da kwari. Daga wannan ɓarna ya sami sabuwar hanya wadda aka san shi da ita.

A nan maganar take. Mai zane da fenti hoto guda yake yi, ya sayar sau guda. Mai bugu kuwa faifan yana hannunsa, ya fitar da kwafi da yawa, ya sa wa kowane lamba da hannu, ya sayar a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Ashe faifan nan shi ne jari. Da Onobrakpeya ya ajiye alli cikin 1980 yana da ɗakin aikinsa a Mushin, yana da masu saye, yana da almajirai.

Bai kuma manta da Arewa ba, domin cikin 1988 ya fitar da Sahelian Masquerades, a kan mutanen bakin hamada da fari. Malantar ma bai rabu da ita ba: cikin 1998 ya fara taron koyar da masu zane a garinsu, ya sa masa sunan hunturu.

Malaman kwalejojin horo ya kamata su lura da wannan. In ɗalibi mai hannu ya zo neman shawarar barin aiki, kada a tsaya ga yabon baiwarsa. A tambaye shi abin da ya mallaka wanda zai yi ta haifar masa aiki bayan albashi ya yanke.