Farautar Talo-talon Daji

Talo-talon daji tsuntsun Arewacin Amurka ne, wanda saran dazuzzuka da harbi ba ƙaƙƙautawa suka kusa ƙarar da shi a farkon ƙarni na 20. Farauta bisa ƙa'ida ce ta farfaɗo da shi. A Amurka, dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, aka riƙa kama tsuntsayen da raga ana mayar da su dazukan da suka ƙare a cikinsu. Masu cewa kisa ba kariya ba ne suna da hujja, amma a farautar watannin Afrilu da Mayu galibi maza ake harba, a bar mata su yi kwanci. Naman tsuntsun da aka harbo ba shi da kitse sosai, shi ya sa ake jiƙa ƙirjin a ruwan gishiri kafin gashi. Cinyoyin kuwa jijiya gare su, sai doguwar dahuwa.