Baƙo da Rediyon Sha'awa: Tarihin Fada Moran a Ƙasar Nefal

Gabatarwa

Rediyon da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne na saurare, wato tasha ta yi magana, jama'a su kasa kunne. Akwai kuma wani nau'i da ake kira rediyon sha'awa, inda mutum zai mallaki na'urar aika magana da ta karɓa, ya kafa eriya a gidansa, ya riƙa zantawa da takwarorinsa na wasu ƙasashe, ba don neman kuɗi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bibiyi yadda wannan sha'awa ta kasance a hannun wanda yake zaune a ƙasar da ba tasa ba, tare da kafa misali da rayuwar Fada Marshall Moran.

Mafarin Al'amari

A shekarar 1912 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta tura masu wannan sha'awa zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, domin a lokacin ana ganin gajeren zango ba shi da wani amfani. Ashe a nan albarkar take, saboda akwai wani ɓangare na sararin samaniya da yake dawo da irin wannan zango ƙasa, har ya faɗa can wata nahiya. A watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya a birnin Faris. Daga baya kowace ƙasa ta sami harufan da lambar kiran mutanenta take farawa da su: Nijeriya 5N, Nijar 5U, Nefal kuwa 9N.

Matsalar Baƙunci

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Lasisin rediyo na ƙasar da ta bayar da shi ne, da zarar mai shi ya ƙetare iyaka ya zama takarda kawai. Bugu da ƙari, hukumomi ba su cika sakin jiki da baƙon da yake da na'urar magana da ƙasashen waje ba, don gudun leƙen asiri. Hasali ma, ko 'yan ƙasa ba su tsira ba a lokacin yaƙi, domin Ingila ta dakatar da su a 1939, Amurka kuma a 1917 da 1941. Sai a 1964 Amurka ta yi dokar da ta yarje wa baƙi su yi aiki da lasisin ƙasashensu, muddin ƙasashen nan su ma sun yarje wa Amurkawa. Sanata Barry Goldwater, mai lambar kira K7UGA, shi ya tsaya wa dokar. Ƙasashen Turai sun cim ma irin wannan yarjejeniya a tsakaninsu a 1985.

Fada Moran

An haifi Marshall Moran a birnin Shikago a 1906. Limamin Katolika ne na ƙungiyar Jesuit, kuma ya isa Indiya a 1929, inda ya yi aikin koyarwa a birnin Patna. A 1949 ya shiga Nefal don lura da jarrabawa, a zamanin da zuriyar Rana take riƙe da mulki, ƙasar kuma a rufe take ga baƙi. Da mulkin nan ya faɗi a 1951, sai ya buɗe makarantar St. Xavier's a Godabari, kudu da birnin Katmandu.

A nan ne ya kafa tasharsa mai lambar kira 9N1MM. Shekaru masu yawa kusan shi kaɗai ne ake ji daga Nefal. Da yake masu wannan sha'awa suna gasar yawan ƙasashen da suka zanta da su, kuma suna tara katunan shaida da ake aika wa juna ta gidan waya, sai muryarsa ta zama abin nema a ko'ina. Wanda duk yake son ya ce ya yi magana da Nefal, to, sai ya bi layi ya jira Fada Moran.

Tashar ta yi amfani fiye da hira. A 1963 wata tawagar Amurkawa ta je hawan dutsen Eberest, kuma Moran yana cikin waɗanda suka riƙa sadar da saƙonninta daga Katmandu. Ranar 1 ga Mayu Jim Whittaker da Nawang Gombu suka kai ƙololuwa. Ranar 22 ga wata wasu huɗu suka kai, dare ya riske su a waje, har sanyi ya lalata yatsun ƙafar biyu daga cikinsu, aka kwashe su da jirgi mai saukar ungulu. A wurin da babu waya, babu hanyar mota, rediyo ne ya haɗa dutsen da gari.

Abin da ya sa hukuma ta bar baƙo da irin wannan na'ura shi ne amana. Dokar rediyon sha'awa ta hana ciniki da magana a dunƙule, al'adar masu yin sa kuma ta guji siyasa da gardamar addini. Ga shi kuma mutumin da ya karantar da 'ya'yan ƙasar ne, an san shi, an san inda yake kwana. Ya rasu a birnin Delhi a watan Afrilu na 1992, bayan ya shafe shekara 40 a Nefal.

Kammalawa

A 1993, shekara guda bayan rasuwarsa, aka fara ba 'yan Nefal lasisin rediyon sha'awa. Ranar 25 ga Afrilu, 2015, girgizar ƙasa ta hallaka mutane kusan 9,000 a ƙasar, hanyoyin sadarwa suka lalace a wurare da dama. A wannan karo 'yan ƙasar ne da kansu suka zauna gaban na'urorinsu, suna musayar saƙonnin agaji da takwarorinsu na Indiya da sauran ƙasashe.