Asalin Sarautar Kaisar

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karatun tarihin Annabi (SAW) ya san manyan sarakunan wancan zamani: Kisra na Farisa, Najjashi na Habasha, Muƙauƙis na Masar, da Kaisar na Rum. Yawancinmu mun ɗauka Kaisar shi ne "sarki" da bakin Rumawa. To, ba haka ba ne. Sarki a harshensu na Latin reks ake ce masa, kuma babu kalmar da Rumawan dā suka tsana kamar wannan. Kaisar kuwa sunan gidan wani mutum ne, wanda aka kashe saboda ana zarginsa da neman sarauta. Ga yadda aka yi sunan nasa ya zama sarautar.

Birnin Rum yana ƙasar Italiya, a bakin wani kogi da ake kira Tiba, bisa tuddai bakwai. Rumawa sun ce wani mutum wai shi Romulus ya kafa shi a shekara ta 753 kafin Miladiyya. Sai a tuna lissafin shekarun kafin Miladiyya baya-baya yake tafiya, watau 500 tana zuwa bayan 700. A faɗarsu sarakuna bakwai suka yi. Na bakwai ɗin, Tarkwin, azzalumi ne, har ana yi masa laƙabi da Mai Girman Kai. Ana nan sai ɗansa ya yi wa matar wani babban mutum fyaɗe, sunanta Lukiretiya. Ta kira mijinta da ubanta, ta gaya musu abin da ya faru, ta soka wa kanta wuƙa. Wani mai suna Burutus ya tara jama'a a kan gawarta, aka rufe wa sarki ƙofar gari, aka yi rantsuwa ba za a ƙara naɗa sarki a Rum ba har abada. Wannan a shekara ta 509 ke nan. Wai da 'ya'yan Burutus biyu suka shiga ƙulle-ƙullen dawo da sarki, shi da kansa ya yanke musu hukuncin kisa.

Da suka kori sarki sai suka raba ikonsa. Kowace shekara a zaɓi mutum biyu, ana ce wa kowannensu konsul, su riƙe gari, su ja yaƙi, kuma kowanne yana da ikon taka wa ɗan'uwansa birki. Shekara na cika su sauka. A bayansu akwai majalisar dattawa mai mutum wajen 300, sunanta senatus, daga nan aka samo kalmar sanata da muke faɗa yau. In wani babban bala'i ya taso, sai a ɗauki mutum ɗaya a danƙa masa wuƙa da nama, ana kiransa diktato, amma wata shida kawai, ba ƙari.

Sojan Rum a farko manoma ne. Mai gona shi ke zuwa yaƙi, da makamin da ya saya da kuɗinsa, in an gama ya koma gonarsa. Da irin waɗannan manoma Rum ta cinye Italiya, ta kara da Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau har sau uku, ta jure wa Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj, wanda ya hau duwatsun Alf da giwaye ya yi mata ɓarna a Kanne a 216, daga ƙarshe ta rushe Kartaj ɗin a 146. Amma nasarar ce ta jawo ciwon. Yaƙi ya yi nisa da gida, soja ya shekara biyar ko goma bai ga gonarsa ba. Kafin ya dawo, attajirai sun saye ta sun haɗa da gandunsu, bayin da aka kamo a yaƙi suna noma musu. Talakawa suka cika birni ba gona ba sana'a. Da wani shugaban talakawa, Tiberiyus Girakus, ya tashi a raba musu filaye, sai sanatoci da mutanensu suka kashe shi da kulake a 133.

A shekara ta 107 wani sarkin yaƙi mai suna Mariyus, da zai tafi yaƙi arewacin Afirka, ya buɗe ƙofar soja ga wanda ba shi da ko taƙi. Irin wannan soja ba majalisa yake kallo ba. Idonsa na kan ubangidansa, wanda zai raba masa ganima, in ya tsufa ya nema masa gona. Ba a jima ba aka ga sakamako: a 88 wani sarkin yaƙi, Sulla, ya juyo da rundunarsa ya shiga birnin Rum da takobi tsirara. Tun daga ran nan kowane mai buri ya gane hanya.

To, cikin wannan zamani aka haifi Gayus Yuliyus Kaisar, a shekara ta 100. Gayus sunansa na yanka, Yuliyus sunan zuri'arsu, Kaisar kuwa laƙabin ɗakinsu ne cikin zuri'ar. Su Rumawan da kansu sun yi saɓani a kan ma'anarsa. Waɗansu sun ce wani kakansu aka haifa da gashi cike da kai, waɗansu suka ce tsaga cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, waɗansu kuma suka ce giwa ya kashe a yaƙi. Shi dai Kaisar hoton giwa ya sa a kuɗin da ya buga. Mariyus ɗin nan mijin gwaggonsa ne, saboda haka tun yana yaro ya san darajar soja.

Tun yana saurayi aka ga halinsa. 'Yan fashin teku suka kama shi, suka yanka masa kuɗin fansa. Ya yi musu dariya, ya ce ba su san wanda suka kama ba, ya ninka kuɗin fiye da sau biyu da bakinsa. Yana zaune cikinsu yana gaya musu in ya fita zai gicciye su, su kuwa suna tsammani wasa ne. Da aka fanshe shi ya tara jirage, ya kamo su, ya cika alkawari.

Ya shiga siyasa da bashi har wuya, saboda kyauta da wasannin da yake shirya wa talakawa. A shekara ta 60 ya ƙulla da mutum biyu da suka fi kowa ƙarfi a Rum: Fomfi mai sunan yaƙi, da Karasus mai dukiya. Ya aurar wa Fomfi 'yarsa Yuliya. Suka ɗaga shi ya zama konsul a 59, daga nan aka ba shi runduna ya nufi ƙasar Gol, inda Faransa da Beljiyam suke yanzu. Ya yi kusan shekara tara yana yaƙi a can. Ya ƙetare teku zuwa Ingila sau biyu, a 52 kuma ya tsare babban jarumin Golawa, Basinjetoris, a garin Alesiya har yunwa ta sa ya miƙa wuya. Jinin da aka zubar da bayin da aka kama ba su lissaftuwa. Ya biya bashinsa, ya azurta sojansa, suka zama ba su san kowa ba sai Kaisar.

Ana cikin haka Yuliya ta rasu wajen haihuwa, Karasus kuma aka kashe shi a yaƙi da Fartiyawa a Harran a 53. Igiyar da ta ɗaure Kaisar da Fomfi ta tsinke. Majalisa ta ja Fomfi a jiki, ta aika wa Kaisar ya sallami sojansa ya dawo shi kaɗai. Ya san in ya yi haka, shari'a ke jiransa. Akwai wani ɗan rafi, Rubikon, shi ne iyakar lardinsa da Italiya, kuma doka ta hana mai riƙe da lardi ya ƙetare iyaka da soja. A watan Janairu na 49 ya ƙetare da runduna ɗaya. Fomfi ya gudu ƙasar Girka, Kaisar ya bi shi ya karya shi a Farsalus a 48, alhali sojan Fomfi sun fi nasa yawa nesa. Fomfi ya nemi mafaka a Masar, yana sauka daga kwalekwale aka kashe shi, aka yanke kansa aka kai wa Kaisar. An ce da ya gani ya kau da fuska ya yi kuka.

Zuwa 45 babu sauran mai ja da shi. Ya yafe wa abokan gābarsa da yawa, har ya ba waɗansu muƙamai. Ya gyara lissafin shekara, ya mai da ita kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya bayan kowace shekara huɗu. Majalisa ta yi ta jibga masa girma: kujerar zinariya, riga irin ta sarakunan dā, hotonsa a jikin kuɗi tun yana da rai, da sa sunansa ga watan da aka haife shi. A farkon 44 aka mai da shi diktato na har mutuwa, muƙamin da asalinsa wata shida ne. Abu ɗaya ya rage, sunan sarki. Wata rana waɗansu suka yi masa kirari da reks a hanya, ya ga fuskar jama'a ta ɓaci, ya ce shi ba reks ba ne, Kaisar ne. Ranar wani biki kuma na hannun damansa, Antoniyo, ya miƙa masa ɗaurin kai irin na sarakunan gabas a gaban taro. Ya ture, jama'a suka yi sowa. Amma sanatoci ba su yarda zuciyarsa ta ture ba.

Mutum wajen 60 suka haɗa kai. Shugabanninsu Kasiyus da Markus Burutus, dukansu waɗanda ya yafe wa ne, kuma wannan Burutus yana ƙirga kansa cikin jikokin wancan da ya kori Tarkwin. Ran 15 ga Maris, shekara ta 44, majalisa ta zauna a wani zaure da Fomfi ya gina. Suka kewaye shi kamar masu kawo koke, suka zaro wuƙaƙe, suka soke shi wuri 23. Ya faɗi a gindin gunkin Fomfi. Suka fito suna shela an sami 'yanci, amma gari ya yi tsit.

Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka ga ya bar wa kowane talakan birni kyautar kuɗi, ya kuma ɗauki jikan 'yar'uwarsa, wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Oktabiyus, ya mai da shi ɗa, ya ba shi dukiyarsa da sunansa. Uwar yaron da mijinta suka ce kada ya karɓa, ya ƙi ji. Daga ran nan ya ce a kira shi Kaisar. Tsofaffin sojan marigayi na jin sunan suka yi ta tururuwa wurinsa, har Antoniyo ya riƙa yi masa gori cewa ba shi da komai sai suna. Ashe sunan ya isa. Shi da Antoniyo suka haɗu suka gama da Burutus da Kasiyus a Filibi a 42, sannan suka juya wa juna. A 31 yaron ya karya Antoniyo da sarauniya Kiliyobatra ta Masar a yaƙin teku na Aktiyum, duniyar Rum duka ta dawo hannunsa.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Wannan Kaisar na biyu bai nemi a ce masa reks ba, bai karɓi diktato ba. A shekara ta 27 ya shiga majalisa ya ce ya mayar musu da mulkinsu. Suka roƙe shi ya ci gaba da riƙe lardunan da soja suke, suka ba shi laƙabin Agustus, watau mai alfarma. Konsul na nan, zaɓe na nan, majalisa na zama, shi kuwa cewa yake shi ne dai na gaba cikin 'yan ƙasa. Amma runduna 28 duk tasa ce, shi ke biyansu, ga kuma dogarai masu tsaronsa. Haka ya yi mulki shekara 40 da 'yan kai, ya mutu a kan gadonsa a shekara ta 14 ta Miladiyya.

Ba shi da ɗa namiji, sai ya ɗauki agolansa Tiberiyus ya ba shi sunan Kaisar, ya gaje shi. Haka sunan ya bi gidan har zuwa Niro, wanda ya kashe kansa a shekara ta 68, gidan ya ƙare. A shekarar da ta biyo mutum huɗu suka zauna kan gadon, soja na ɗorawa suna saukewa. Wanda ya tsaya, Besfasiyan, ɗan mai karɓar haraji ne, ba abin da ya haɗa shi da gidan Yuliyus, amma shi ma ya ɗauki sunan Kaisar, don soja ba su san mai mulki da wani suna ba. Nan ne sunan ya tashi daga na gida ya zama na sarauta. Daga baya ma aka riƙa ba yarima mai jiran gado, babban kuwa a ce masa Agustus.

A shekara ta 330 sarki Kustantin ya kafa sabon babban birni a gabas, Kustantiniyya, wadda ake kira Istanbul yau. Ɓangaren yamma ya faɗi a 476, na gabas ya ci gaba, kuma shi ne Rum ɗin da Larabawa suka sani, wanda aka ambaci mutanensa a Suratur Rum. Kowane sarkinsu Kaisar suke ce masa. Wanda Dihyatul Kalbi ya kai wa wasiƙar Annabi (SAW) sunansa Hiraƙlu, ya hau mulki a 610. Fadarsa da Girkanci ake magana, kuma tsakaninsa da mai sunan na asali kusan shekara 670 ne.

Sunan bai tsaya nan ba. Da Sarkin Turkawa Muhammadu Alfatih ya ci Kustantiniyya a 1453, ya kira kansa Kaisar na Rum. A wurin Rashawa kuwa Tsar ne, aka naɗa Iban na Huɗu da shi a 1547. Jamusawa suka ce Kaiza, kuma tutar Kaiza ce ke tashi a Kamaru da Togo har Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na Rasha ya sauka a 1917, na Jamus a 1918, Tsar na ƙarshe kuwa, wani yaro a Bulgeriya, aka tuɓe shi a 1946, kusan shekara 2,000 bayan abin da ya faru a zauren Fomfi.

Su Burutus dai sun sami abin da suka nema ta fuska ɗaya, domin cikin magadan Agustus babu wanda ya yarda a kira shi reks. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago: sun tsare ƙofa kada kalmar sarki ta shigo, sarautar ta shigo da sunan gawar da suka bari a ƙasa. Har yau kuma duk wanda ya ce watan Yuli ko watan Agusta, ya ambaci Yuliyus da ɗan riƙonsa, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan shi ne asalin Kaisar.