Tarihin Renon Kwakwar Manja a Cikin Kwalba a Ƙasar Kodibuwa

1.0 Gabatarwa

Hausawan da ke fatauci a Ajame da Treichville, manyan unguwannin kasuwanci na birnin Abidjan, sun saba da manja a miya da kuma a kan teburin ciniki. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a arewa maso gabashin birnin, a tashar bincike ta La Mé, an yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a duniya na samar da bishiyar manja ba ta hanyar iri ba. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin gwajin da abin da ya biyo baya.

2.0 Asalin Dabarar

A shekarar 1902 masanin tsirrai Gottlieb Haberlandt ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar halitta guda ta tsiro tana iya zama cikakken tsiro. A 1952 Morel da Martin na Faransa suka raini furen daliya marar cuta daga ɗan ƙaramin toho, a 1962 kuma Murashige da Skoog suka haɗa abincin renon da ake amfani da shi har yau.

Yadda ake yi shi ne, a yanki ɗan ɓangaren tsiro, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, a ɗora shi cikin kwalba a kan wani abu mai kama da kamu, wanda ya ƙunshi sukari da gishirin ma'adinai da sinadaran girma. Daga nan ya yi ƙullutu, ƙullutun ya yi toho, tohon ya yi saiwa.

Furanni irin su wardi ana renon su haka, amma su ko an yanki reshensu an dasa sukan kama. Kwakwar manja kuwa ba ta da reshe, kai ɗaya gare ta. Irinta kuma yakan bambanta da uwarsa, don haka bishiya mai yawan mai ba lalle ta haifi irinta ba.

3.0 Gwajin La Mé

Tun 1963 gwamnatin Kodibuwa ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noman manja. A shekarun 1970 cibiyoyin Faransa biyu, ORSTOM da IRHO, suka haɗa hannu wajen renon kwakwa daga ɗanyen ganyen da ke cikin zuciyarta. An dasa ta farko a La Mé a 1978, aka kuma buɗe ɗakin gwaji a wurin a farkon shekarun 1980. Fatan shi ne a zaɓi bishiya mafi albarka a mayar da ita dubbai.

4.0 Matsalar da ta Taso

A 1986 Corley da abokan aikinsa suka ba da rahoto daga Malesiya cewa wasu bishiyoyin kwalba suna yin 'ya'ya masu nakasa. Sassan namiji na furen sukan rikiɗe su yi kama da na mace, su lulluɓe ɗan kwakwar, man ya ragu ko ya ɓace. An ga haka a Kodibuwa ma. Abin da ya fi cutar da manomi a wancan lokacin shi ne ba a gane cutar sai bishiya ta fara fure, bayan an yi shekaru ana yi mata hidima.

Sai a 2015 masu bincike na Malesiya suka gano dalili. Ƙwayoyin gado ba su canza ba. Wani tambarin sinadari da ke kulle wani yanki nasu, wanda aka laƙaba wa suna Karma, shi ne yake gogewa a lokacin reno.

5.0 Kammalawa

Tashar La Mé ta koma ƙarƙashin cibiyar binciken noma ta ƙasa, CNRA, wadda aka kafa a 1998, kuma har yanzu iri shi ne abin da akasarin manoma suke dasawa. Kwafar bishiya ta ɗauki masana 'yan shekaru, amma gane abin da ke sa kwafin ya kauce wa asalinsa ya ɗauke su kusan shekara 30.